Na mayar da ranar da aka kashe direbanmu labarin barkwanci, yanzu yayansa yace ina cin abinci da jinin ƙaninsa

Anti salamu alaikum, don Allah ki ɓoye sunana da garin da nake. Ni ɗan jarida ne ko ince na taɓa zama, nayi aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa. A wani zaɓe da ya wuce an turani cibiyar tattara sakamako ni da direban ofishinmu, mutum ne mai mata da yara uku, ya girmeni amma abokina ne na gaske. Da yamma 'yan daba suka dira wurin da makamai aka fara sara da ƙone-ƙone, jami'an tsaron dake wurin kowa ya kama gabansa. Ni da shi muka ɓuya a wani banɗaki a bayan ginin, motar tana can bakin get. Da ihun ya ɗan lafa nace masa ko zai iya lallaɓawa ya jawo motar ta baya mu gudu, dama shima tun ɗazu hankalinsa na kanta don an taɓa yanke masa rabin albashi akan madubin gefe da ya fashe. Ya fita, bai dawo ba. Ni na tsira ne da hular jam'iyyarsu da na tsinta a ƙasa, na ɗora a kai na shiga cikinsu ina ɗaga hannu ina rera taken ɗan takararsu har na fita titi. Da na samu na kira editana abinda ya fara tambayata shine rakoda tana hannunka? Motar fa?

Daga baya na bar aikin. Bacci ya gagareni sai na fara rubuta abin a matsayin ƙagaggen labari, kuma wallahi Anti ban yi niyyar ya zama abin dariya ba, haka ya dinga fitowa. Na canza sunaye ina ɗorawa a Facebook babi babi, mutane suna ta dariya suna turawa juna suna neman ci gaba. Da na saki babi na 7 inda direban ya mutu, yayan marigayin ya kirani yace ashe da jinin ƙaninsa nake neman suna, ya kashe waya. Kwana kaɗan bayan haka wata baƙuwar lamba ta kirani aka ce honarabul ya karanta yana gaisheni. Matata tace in goge komai tun kafin in mayar da ita irin matar direba. Ni kuma sai daren da nayi rubutu nake iya runtsawa. Na haɗo miki babukan bakwai. In goge ne ko in ci gaba? Ko dai na zama mara imani ne da nake iya dariya akan wannan?

*

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan abokinka ya raya abinda ya bari, kai kuma Allah ya baka lafiya don daga wasiƙarka har babukan da ka turo mutum ne yake magana wanda har yau bai gama fitowa daga banɗakin nan ba.

Kar ka goge. Amma daga yau ka daina ɗorawa, ka sauke babi na 7 daga inda jama'a ke gani, ka ajiye kwafin komai a wurin da ba wayarka ba. Wannan shine abinda zaka yi a daren nan, sauran maganar tana da tsawo sai kayi haƙuri dani.

Tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa don ita ce mafi sauƙi, baka zama mara imani ba. Duk wanda ya taɓa zama da 'yan jarida ko ma'aikatan asibiti ko masu ɗaukar gawa bayan wani tashin hankali ya san irin dariyar nan da ta fi kuka ciwo, mutum yana ba da labarin yadda aka kusa kasheshi yana ƙyaƙyatawa hannunsa na rawa. Kuma ba kai ka ƙirƙiri abin dariyar ba, a wurin ka tarar da shi, rikicin siyasa haka yake zuwa, mugunta da wauta hannu da hannu. Ka duba abinda ya faru a lardin Maguindanao na ƙasar Filifin ranar 23 ga Nuwamba 2009, wani ɗan siyasa Esmael Mangudadatu yana son tsayawa takarar gwamna ana masa barazana, sai ya tura matarsa da 'yan'uwansa mata da ayarin 'yan jarida su kai masa takardun takara, a tunaninsa ba mai taɓa mata a gaban 'yan jarida. Aka tare ayarin aka kashe mutum 58, 32 daga ciki ma'aikatan jarida ne, kuma motar haƙa ramin da aka binnesu da ita ta gwamnatin lardin ce, sunan gwamna Andal Ampatuan yana rubuce ɓaro-ɓaro a jikinta, a wurin aka barta. Ko kisan ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya dake Istanbul ranar 2 ga Oktoba 2018, hotunan kyamarar tsaro da jami'an Turkiyya suka fitar sun nuna wani ya fito sanye da kayansa harda gemun bogi don ace ya fita da ƙafarsa, amma takalmin ba nasa bane. Da marubuci ne ya zauna ya ƙaga waɗannan cewa za'ayi ya cika shaci faɗi. Toh wanda ya ga irin wannan da idonsa in ya rubuta ba dariya ko ɗaya a ciki ma ai bai faɗi duka abinda ya gani ba.

Shi yasa babi na 3 ya burgeni ƙwarai, inda kakakin gwamnati yake gaya wa kyamara komai ya lafa jama'a su ci gaba da harkokinsu hayaƙi yana tashi a bayansa har yana tari. Da babi na 5 inda ɗan jaridar yake cikin 'yan daba da hular aro yana rera taken da bai haddace ba yana motsa baki kawai, sai wani a cikinsu ya dafa shi yace kai ne irin matasan da muke buƙata. Nayi dariya a nan kuma cikina ya ɗuri ruwa lokaci guda, irin labarin da kake son rubutawa kenan kuma ka iya shi, kar wani yace maka baka iya ba. Wayar edita kuwa ko kalma ɗaya kar ka taɓa a ciki.

Matsalar tana babi na 7 ne, kuma yayan marigayin yana da gaskiya, duk da ba ta inda shi yake zato ba.

A duk sauran babukan in ka lura da wanda ake wa dariya, mai iko ne, ko mai makami, ko mai kujera a ofis, ko kuma shi mai ba da labarin da kansa. A babi na 7 kaɗai dariyar ta juya ta sauka akan wanda aka kashe. Ka zana shi mutum mai son mota fiye da ransa, yana goge gilashi da hannun riga ana harbi, yana kiran motar amaryarsa, ɗan jaridar yana riƙe masa riga yana cewa kar ka fita shi kuma ya fizge ya tafi, mai karatu ya gama babin yana cewa kai wannan direba akwai wawa Allah ya jiƙansa. Yanzu ka koma ka karanta wasiƙar da ka rubuto min. A wasiƙar kace an taɓa yanke masa rabin albashi akan madubi, a babin babu wannan ko a layi ɗaya. A wasiƙar kace kai ka tambayeshi ko zai iya jawo motar, a babin kai ne kake hanashi fita. Ƙanena ni banga rashin imani a nan ba, abinda na gani mutum ne da jimla ɗaya ta hanashi bacci, ya zauna ya rubuta babi shida na gaskiya don ya samu ya iso na bakwai ya gyara jimlar. Kuma duk wanda ya danna alamar dariya a ƙarƙashin babin kamar ya sa maka hannu ne cewa eh direban ne ya kai kansa, shi yasa kake samun bacci a daren da ka ɗora, kuma shi yasa baccin baya kaiwa dare na biyu.

Ka saurareni da kyau a nan. Ba kai ka kasheshi ba. Waɗanda suka zo da adda su suka kasheshi, da wanda ya biyasu ya ɗauko musu mota, da jami'an da suka gudu suka bar wurin, bayansu akwai ofishin da ya tura mutum biyu irin wannan wuri ba horo ba shirin fita ba inshora, ya kuma koya wa direba da aljihunsa cewa madubi ya fi shi daraja. Abinda ka faɗa masa a banɗakin shawara ce ta mutum biyu da suke neman hanyar tsira, kuma ba shawarar banza bace, da ta yi da yanzu ku biyu kuke ba da labarin. Da kun zauna ma ba wanda ya san ko wuta za'a cinna wa ginin. Kai kana auna maganar da abinda ka sani yau, a lokacin baka sanshi ba. Amma duk da haka maganar ta fito daga bakinka, kuma littafin da ya ɓoyeta ya ɗora wa mamaci wauta don mai rai ya samu sauƙi ya zalunceshi, shi kuma ba bakin da zai kare kansa.

Akwai dariyar da take tsayawa tare da wanda aka zalunta akwai wadda take tsayawa tare da mai adda, kuma a kunne kusan iri ɗaya suke. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda da ya zuga kisan ƙare dangi na 1994 ba da wa'azin ƙiyayya zalla ya tara masu sauraro ba, da kiɗan zamani da raha da zolaya ya tarasu, masu gabatarwa suna barkwanci akan mutanen da ake farauta, har kotun duniya dake Arusha ta samu jagororinsa da laifi a 2003. Ban haɗaka dasu ba ko kusa, Allah ya kiyaye. Na kawo shi ne don ka ga cewa tambayar da marubucin irin wannan labari zai dinga yi wa kowane shafi ita ce wa ake wa dariya a nan, kuma in wanda ya aiko 'yan daban ya karanta zai ji zafi ne ko zai taya dariya. Babi na 3 zai ƙona masa rai. Babi na 7 kam zai karanta ya kwashe da dariya yace ai kun gani, shi ya kai kansa.

Gyaran kuma ba cire barkwancin bane. Ka bar shi yana kiran motar amaryarsa in haka yake kiranta a raye, wannan nasa ne, mutum ne mai raha ka barshi da raharsa, ka ma bashi maganganun da shi zai ba mutane dariya da bakinsa maimakon ayi dariyarsa. Amma ka dawo da madubin tun babi na 1, mu ga takardar yanke albashin, mu ga akawu yana lissafa masa kuɗin madubi har da na ɗaurawa, mu ganshi yana tunanin kuɗin makarantar yara. Sannan a banɗakin ka bar ɗan jaridar ya faɗi abinda ya faɗa. In ka yi haka lokacin da edita zai ce motar fa, mai karatu bazai yi dariyar nishaɗi ba, zai yi irin wadda kai kayi, kuma littafin zai tashi daga labarin ɗan jarida mai wayo da ya tsira ya koma abinda ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba. Ta fannin jan hankali ma ya fi, don mai ba da labarin da yake ɓoye wani abu har sai an kusa ƙarshe ya fi riƙe mai karatu akan wanda hannunsa fes yake tun daga shafin farko.

Akwai wani abu da nake so ka riƙe game da direbobi. Ɗan jarida Norbert Zongo na Burkina Faso da aka tsinci gawarsa a ƙone cikin mota kusa da Sapouy ranar 13 ga Disamba 1998, binciken da yake yi a lokacin akan mutuwar wani direba ne, David Ouédraogo, direban François Compaoré ƙanin shugaban ƙasa na lokacin. Babban ɗan jarida ya ɗauki ran direba da nauyin da har ya rasa nasa akai. Kuma a motar da aka ƙona ba shi kaɗai bane, su huɗu ne harda ɗan'uwansa da direbansa, amma in ana tunawa sunan mutum ɗaya akasari ake kira. Abokinka yana cikin irin waɗannan da ake cewa da wasu mutum uku. Kai kaɗai ne a duniya kake da abinda zaka fitar dashi daga cikin wasu, kar kuma ace kai ka mayar dashi wawan labari.

Sai maganar yayansa. Kuskuren da ya fi babin kansa girma shine iyalinsa sun ji yadda awanninsa na ƙarshe suka kasance a Facebook tare da dubban baƙi masu dariya, alhali kai ne mutum na ƙarshe da ya ganshi da rai. Wannan labarin nasu ne kafin ya zama na masu karatu. Kar ka kira a waya kar ka tura saƙo, ka samu wani babba da suke jin nauyinsa ya nema maka izinin zuwa, kaje ba tare da littafi a hannu ko a baki ba, kace kazo ba da haƙuri ne kuma kazo ka gaya musu abinda ya faru in suna son ji. In sun ce suna so ka faɗa duka harda maganar motar, a yadda ta faru, ba ka je kana kuka kana cewa ni na kasheshi ba don wannan ƙarya ce kuma ɗora musu nauyin lallashinka ne, ba kuma ka tsallake ta ba. Ka gaya musu abinda ya faɗa a banɗakin, in ya ambaci yaransa ka faɗa, in ya baka dariya a wurin ka faɗa, iyalan mamaci suna ƙishirwar irin waɗannan ƙananan abubuwan fiye da yadda mutane suke zato. Zai iya yiwuwa yayan ya koreka, ya halatta gareshi, ka tashi ka tafi ba gardama ka bar ƙofa a buɗe. Maganar littafi sai wani zuwan daban in an samu fuska. Ni a ganina basu da ikon hanaka rubuta abinda ya sameka kai, amma suna da ikon cewa a cire duk abinda zai sa a gane ɗan'uwansu, kuma in suka ce haka ka cire ko da shine wurin da ka fi so. In littafin ya taɓa kawo kuɗi yaran nan uku suna da kaso, ka rubuta wannan a takarda tun yanzu kafin kuɗin ya zo zuciya ta fara lissafi.

Matarka kuma ba tsoro ne kawai yake damunta ba, ta fika karanta wayar nan. Honarabul yana gaisheka ba gaisuwa bace. Mai kaza a aljihu baya jimirin as, ka canza masa suna amma ka bar masa kalar hula da taken kamfe da irin tafiyarsa, kowa a garinku ya ganeshi shima ya gane kansa. Marubuta da yawa suna zaton kalmar ƙagaggen labari rigar sulke ce, ba haka bane ko a kotu balle a titi. Tun 1910 kotu mafi girma a Ingila ta tabbatar wa wani lauya Artemus Jones diyyar fam 1,750 akan wani rubutun raha a jarida da marubucin yace sunan ƙirƙirarsa yayi, hujjar ita ce waɗanda suka sanshi sun ɗauka dashi ake, kuma ƙasashe da yawa da suka gaji dokar Ingila akan wannan ma'aunin suke, wato ba me ka nufa ba, wa mutane suka gane. Wannan kotu kenan inda ake da lauya. A Yuganda an kama marubuci Kakwenza Rukirabashaija a Afrilun 2020 aka tsareshi ana masa tambayoyi akan littafinsa na zambo, aka sake kamashi ƙarshen 2021 akan abinda ya rubuta a Twitter game da shugaba Museveni da ɗansa, ya fito da tabon duka a gadon bayansa ya tsere zuwa Jamus a 2022. A Kenya zamanin shugaba Daniel arap Moi, marubuci Ngugi wa Thiong'o ya ba da labarin yadda hukuma taji ana maganar wani mutum dake yawo yana neman gaskiya da adalci aka ba da umarnin kamoshi, da aka gano jarumin littafi ne sai a 1987 aka bi shaguna aka kwashe littafin. Masu iko sun fi jure a zagesu akan ayi musu dariya, zagi yana nuna ana tsoronsu.

Don haka ka ɗauki kiran da gaske. Ka rubuta lambar da rana da lokaci da ainihin kalmomin da aka faɗa, ka ba lauya kwafi ka ba wani amintacce kwafi. Ka sanar da ƙungiyar 'yan jarida ta inda kake, ka kuma rubuta wa ƙungiyoyin kare 'yan jarida na duniya, CPJ dake New York ko RSF dake Paris, dukkansu suna da sashen taimakon 'yan jaridar da ake wa barazana kuma barin aikinka bai cireka ba tunda akan abinda ka gani a bakin aiki ne. Ka daina saka inda kake ko hoton gida da yara, maganar da ta shafi wannan ka koma yinta a Signal, manhajar tura saƙo a asirce. Zuwa wurin 'yan sanda kuma lauyan ne zai gaya maka ko yana da amfani a garinku ko kai kanka zakayi, tunda ka ga yadda jami'ai suka yi a ranar. Ka zaunar da matarka ka nuna mata duk matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ka kuma yi mata alƙawarin ba abinda zai sake fita sai da saninta, don in abu ya faru ba masu turawa juna babi ne zasu riƙe gidan ba.

Shi littafin ka gama shi a ɓoye, gaba ɗaya, ba babi babi ana tafa maka ba, tafin nan yana cikin abinda ya ja babi na 7 ya karkace don mai rubutu yana jin inda jama'a suka fi dariya sai ya ƙara gishiri a wurin. Ka rushe honarabul ka sake gina shi daga mutum huɗu ko biyar, ka ƙirƙiri jam'iyya da take da gari da ba'a taɓa yi ba, ka canza irin zaɓen da lokacinsa. Ba tsoro bane wannan, littafin ma zai fi faɗi don mai karatu a wata ƙasa zai ga nasa honarabul ɗin a ciki. In ka gama lauya ya karanta, edita na gaske ya karanta, sannan a zauna ayi maganar ko da sunanka zai fita ko da sunan alƙalami, da kuma yaushe.

Amma akwai rubutu na biyu da nake so kayi wanda ba barkwanci ko ɗaya a ciki, shaida. Ranar, awa nawa, su wa ka gani, me suka saka, wace mota ta kawosu, wa ya kira wa, da sunaye na gaskiya, ka sa hannu ka ba lauya ya adana. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana cewa fiye da 8 cikin 10 na kisan 'yan jarida ba'a hukunta kowa, na direbobinsu kuwa ko lissafin kirki ba'a cika yi ba, don haka ba zan ce maka gobe za'a kama wani ba. Sai dai irin waɗannan shari'u suna farkawa bayan an cire rai. Na Maguindanao shekara 10 aka yi kafin hukunci ya fito a Disambar 2019. Ɗan jarida Deyda Hydara na Gambiya an harbeshi a Disambar 2004, sai 2019 wani sojan rundunar kisa ta tsohon shugaban ƙasar Yahya Jammeh ya amsa a gaban hukumar gaskiya cewa yana cikin waɗanda suka yi, sai 2023 wata kotu a Jamus ta yanke wa direban rundunar ɗaurin rai da rai. Ranar da irin wannan ta zo abinda ake nema shine wanda ya rubuta tun ƙwaƙwalwarsa tana ɗanya. CPJ ma tun 2003 take rubuta sunayen direbobi da tafintoci da sauran masu taimaka wa 'yan jarida da aka kashe a bakin aiki, in iyalinsa sun yarda ka tura musu bayaninsa. In ka raba biyun nan zaka ji littafin ya sauke wani kaya, don yanzu kana so ya zama labari ya zama shaida ya zama kotu ya zama maganin bacci duk shi kaɗai.

Baccin kuma likita zaka gani, ba wasa nake ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar Toronto, Anthony Feinstein, ya yi bincike akan 'yan jarida 140 masu ɗauko labarin yaƙi ya wallafa a 2002, ya samu kusan kashi 29 cikin 100 sun yi fama da ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, kuma waɗannan ƙwararru ne da suka zaɓi aikin da kansu, balle kai da aka tura ɗauko sakamakon zaɓe. Rashin bacci, maimaita jimla ɗaya a kai, jin cewa kai ya kamata ka mutu, duk sanannun alamu ne kuma ana maganinsu. Ka nemi likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan adam da ya saba da waɗanda suka ga tashin hankali, in da hali ka fara ganinsa kafin kaje wurin yayan marigayin don ka fara furta maganar motar a ɗakin da ba wanda zai ji ciwonta sai kai. In kuma tunanin cutar da kanka ya taɓa zuwa maka ko sau ɗaya, a ranar zaka gaya wa matarka kuje asibiti, ba sai ka jira amsar Anti ba.

Abu ɗaya da baka tambaya ba amma ya tsaya min a rai, me gidan rediyon ya ba iyalinsa? Mutum ya mutu a bakin aiki da motar ofis, a dokokin ƙwadago na ƙasashe da yawa akwai diyyar da ta wajaba akan mai aiki, kuma sau da yawa iyalai basu san da ita ba sai a sallamesu da ɗan abin ta'aziyya. Ka sa wannan cikin tambayoyin da zaka yi wa lauyan, kai ne shaidar cewa aiki aka turashi, kuma irin wannan neman yana da wa'adi don haka kar ka bari ya kwana biyu. In ka je wurin iyalin ka dawo ka rubuto min yadda aka yi, sabon babi na 7 ɗin ma ka turo zan karanta.